A-kori-kurar Ɗan Fari

Gardamar da ta kayar da Mukhtaru a kan tanti aka yi ta, kuma iska ce ta yanke hukunci.

Lokacin sanyi ne, shekara uku da suka wuce. Dangi sun fita daji kamar yadda mutanen Makka suke yi da zarar zafi ya sassauta: a loda tukwane da dardumai, a bi hanyar Ɗa'ifa, a sami wani kwari a sauka kwana biyu. A waccan fitar ce Sabi'u ya fara zuwa da karafan, ɗakin nan na ƙarfe mai taya da mota ke ja, da gado da banɗaki da komai a ciki. Sabi'u ɗan kawun Mukhtaru ne, taubashinsa, kuma kun san taubasai, sai su yanka juna da baki a gaban surukai ba mai cewa an yi laifi.

Mukhtaru ya gama kafa tantinsa, ya karkaɗe hannu, ya zagaya karafan ɗin sau biyu yana taɓe baki.

"Taubashi, na ga akurki, ina kajin?"

"Suna tantinka," in ji Sabi'u.

"Ya shekh, wanda zai zo daji da banɗaki a bayansa, me ya fito da shi daga gida? Tanti shi ne asali. Alhazai nawa ke kwana a Mina duk shekara? A akurki suke kwana? Wannan da hannuna na kafa shi, turaku takwas, ko raƙumi ya jingina da shi ba zai..."

Bai ƙarasa ba. Iska ta gangaro daga kan dutse, ta shiga tantin ta ƙofa ba sallama, ta tumɓuke turakun nan takwas kamar ana cire ƙaya. Tanti ya tashi, ya yi alkafura uku, ya nufi yamma da bargo rataye a jikinsa.

Sabi'u ya kare ido da hannu yana bin sa da kallo.

"Allah ya karɓa. Tantinka ya riga ka tafiya Mina."

Aka yi dariya har wata ta ƙware da shayi. Mukhtaru ya bi tanti da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Duk wannan bai yi masa ciwo ba, namiji ne, ya saba faɗuwa. Abin da ya soke shi sai da ya dawo yana haki da tanti a kafaɗa. Ya tarar da mahaifiyarsa, Hajiya Ɗaso, zaune a ƙofar karafan, ta miƙe ƙafa a inuwa, tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, Sabi'u ɗan ƙanena, ka hutar da ƙasusuwana." Shi kuwa ko kallo bai samu ba.

To, ku san waye Mukhtaru kafin ku cika yi masa dariya. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife shi, a gidan da har yau yake ciki, cikin lungun da idan mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi haƙuri ta koma da baya. Marigayi ubansa mai tsire ne, Larabawa na bin layi a gaban tukubarsa. Shi bai gaji wuƙa ba, sitiyari ya kama. Shekara talatin da ɗoriya yana tuƙin taksi. Ya kai alhazai Harami, ya kai su ziyara, ya kai matan Kano kasuwar gwal ya jira su har furfura ta fito masa. Ba ya shan taba, ba ya zagin fasinja sai ya sauka. Mutumin kirki ne. Aibinsa ɗaya: in ya ga abu a hannun Sabi'u, sai nasa ya koma masa toka. Kwana arba'in ne tsakanin haihuwarsu, kuma tun suna rarrafe haka suke. Sabi'u ya yi aikin ofis, ya aje tumbi, ya yi ritaya, ya sayi baƙin tabarau. Mukhtaru ma ya sayi tabarau, bai sami tumbin ba.

Amma wannan karon ba ƙarfe yake wa kishi ba.

Hajiya Ɗaso a hanya aka haife ta, can cikin Sudan, a goye ta shigo Makka. Ba ta taɓa ganin Kano da idonta ba, amma ta riƙe al'adar Kano fiye da waɗanda ke kwana a gindin Dala. Mukhtaru ɗan farinta ne, saboda haka shekara hamsin da huɗu bakinta bai taɓa furta sunansa ba. "Wancan" ne, ko "mai taksi", ranar da ta ji daɗi "uban Shaima". Tana ƙasa, shi da iyalinsa suna bene, amma saƙonta sai ya bi ta hannun matarsa Ramlatu. In ya durƙusa gaisuwa da safe, bango take amsa wa. Shi kuma ya tashi cikin 'ya'yan Larabawa, yana gani uwa za ta rungume ƙaton ɗanta mai gemu a bakin titi tana ce masa zuciyata, idanuna. Abin da shi ya samu a madadin haka shi ne, "Ku ce wa wancan ya sa takalmi."

A daji kuwa, inda Hajiya ta zauna nan tukunya take, nan jikoki suke, nan hira take. Tun da karafan ya zo, ƙofar Sabi'u ta zama fada. Har Ramlatu da 'ya'yanta can suke wuni, su bar Mukhtaru da butar shayi yana gadin tanti. Sanyi biyu ya yi yana haɗiyar wannan. A na uku ya rantse wa kansa: bana a ƙofarsa uwarsa za ta zauna.

Ramlatu ta ji shirin tana tsinkar zogale. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Abu Shaima, ko jirgin sama ka saya Hajiya ba za ta shiga ba. Kunyar ɗan fari ce, ba ka san ta ba yau?"

"Wannan zancen Kano ne, nan Makka ce. Gwiwa ke damunta, gado mai laushi take so. Wanda gadonsa ya fi, shi zai samu."

"To, Allah ya ba da sa'a," ta ce, da irin muryar da ake yi wa wanda ya tafi ɗiban ruwa da kwando.

Sai ya je gidan Sabi'u a Utaibiyya wai gaisuwa, ya kara waya a kunne kamar yana magana, ya bi gefen karafan yana auna shi da ƙafa. Taku goma sha ɗaya. Bai yi sati biyu ba ya samo na hannu a Jidda mai taku goma sha huɗu, aka jawo masa shi har wani fili a Ka'akiyya, don lungun Hindawiyya ko hancinsa ba zai ɗauka ba. Ya tsaya yana kallonsa yana murmushi, sai idonsa ya sauka a kan taksinsa da ke gefe. Nan murmushi ya ƙare. Bawan Allah ya sayi sirdi, babu doki. A ɗaura wa taksin nan wannan gida daidai yake da a ɗaura wa kyanwa amalanke.

Abin da zai ja irin wannan nauyi a hawan Ɗa'ifa sai a-kori-kura mai shan dizal, wadda yaran yanzu ke ce wa wanit. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun mai taksi, don haka ya faɗa kasuwar gwanjon motoci. Sati huɗu yana sintiri.

Ta farko da ya gani injinta kamar agogo, sai dai ƙofa biyu ce. Ya shafa ta, ya yi ajiyar zuciya, ya wuce. Ina Hajiya za ta zauna, a bayan mota da tukwane? Ta biyu wasu samari sun ɗaga ta sama don hawan tudun yashi, mai shiga sai ya yi kamar zai hau raƙumi. Dillali ya ce, "Wannan ko taubashinka ya gani sai ya yi zazzaɓi." Wallahi sai da Mukhtaru ya kai hannu aljihu. Ya tuna gwiwar tsohuwa, ya zare hannun.

Ta uku ta wani tsohon Balaraben ƙauye ce mai kiwon tumaki. Fara, ƙofa huɗu, duk tayoyinta na ja, jikinta ya sha duka kamar gangar biki, ta ci hanya fiye da kilomita dubu ɗari huɗu. Mukhtaru ya ce ba zai duba ta da yamma ba, gobe da sassafe zai dawo. Wannan dabarar masu taksi ce: mota mai ciwo da safe take tari, in ta yi zafi sai ta ɓoye.

Washegari ya fara ɗora tafin hannu a kan murfin inji, ya tabbatar ba a riga shi tayar da ita ba. Ya sa tsohon ya murza makulli, shi ya tsuguna a baya yana kallon hayaƙi. Baƙi ya fito guda, ya washe. Ba shuɗi, ba fari. Ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi sako-sako a bakin ramin yana kallo ko zai yi rawa. Ya ɗan girgiza kawai, kamar dattijo a wurin biki. Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da farar rigarsa, ya duba inda aka haɗa ƙugiyar ja da ƙashin motar, ko akwai tsatsa ko tsagewa.

Daga can ƙasa ya yi tambaya da Larabci. "Ya ammi, me ta taɓa ja?"

"Tankin ruwa. Raƙuma biyu. Sau ɗaya surukata."

"Wanne ya fi ba ta wuya?"

Tsohon ya shafa gemu. "Mota ba ta da baki, ni kuma ina da mata."

Saura gwaji na ƙarshe, wanda duk direban Makka ya yarda da shi fiye da na'ura. Ya zaɓo dillalai shida masu tumbi, ya loda su a baya, ya kunna sanyi har ƙarshe, ya nufi wani hawa a Utaibiyya wanda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau. Mota ta yi gurnani, ta haye, allurar zafi ba ta motsa ba. Da gangan ya biyo ta ƙofar gidan Sabi'u ya taka mai, amma aka yi rashin sa'a mutumin na barci.

Da za su rabu tsohon ya tambaye shi, "Kai me za ka ja da ita?"

Mukhtaru ya buɗe baki zai ce karafan, sai ya ji ya ce, "Uwata."

Tsohon ya dube shi da kyau. "To canza birki. Na tumaki ne a jiki."

Ya canza birki, ya canza taya huɗu, ya wanke tankin ruwan inji, ya kai ta aka duba aka ba shi takarda. Abin da bakanike ya kasa shi ne wari. Shekara goma sha biyu na tumaki ba sa fita da sabulu. Kwana uku Mukhtaru yana rufe gilasai yana turara ta da turaren wutar Ramlatu mai tsada. Da ta leƙa ta shinshina sai ta ce, "Ma sha Allah. Yanzu kamar tunkiyar da za ta gidan biki."

Akwai abu ɗaya da ya yi bai gaya wa kowa ba. Ya auna matakalar ƙofar ɗakin Hajiya da tafin hannunsa, wadda take hawa kullum ba ta cije leɓe, ya kai awon wa wani mai walda a Ka'akiyya. Aka ƙera masa matakala mai naɗewa daidai wannan tsayi, da mariƙi a gefe, aka manna a ƙofar baya ta dama. Ya hau ya sauka sau ashirin yana ɗingishi, yana kwaikwayon gwiwar da ba tasa ba. Mai walda ya ɗauka ciwo gare shi, har ya yi masa sannu.

Ranar Alhamis da hantsi dangi suka taru a filin Ka'akiyya. Sabi'u ne ya ɗauko Hajiya daga bakin lungu kamar kullum. Mukhtaru ya riga kowa zuwa, ya haɗa karafan da mota, ya goge gilasai, ya sa sabuwar riga. Aka zagaye ana taya shi murna, mabruk, mabruk. Sabi'u ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya bi dogon karafan nan da ido daga kai har wutsiya. Wannan kaɗai ya biya Mukhtaru wahalar sati huɗu.

Sai ya je ya buɗe ƙofar baya, ya sauke matakala, ya durƙusa.

"Hajiya, bismillah."

Hajiya Ɗaso ta tako da sandarta. Ta dubi taya. Ta dubi matakala, ta daɗe a kanta. Ta dubi sama kamar mai neman hadari. Sannan ta juya wajen Ramlatu.

"Ki ce wa mai dizal ɗin nan hayaƙinsa na tayar mini da tari."

Injin a kashe yake, jama'a. Ko makulli ba a sa ba.

Ta juya ta koma motar Sabi'u. Sabi'u ya mayar da tabarau, ya daki kafaɗar taubashinsa. "Mabruk, ya shekh. Matakalar ta yi kyau, wa za ta ɗauka?"

Mukhtaru ya naɗe matakala. Ramlatu ta shiga gaba ta zauna, ta ce a hankali, "Ka ga an ƙara maka girma, daga mai taksi zuwa mai dizal." Ya murza makulli.

Shi ya shige gaban ayari. Mota na jan nauyi yadda ya kamata, sai dai a hankali, don gida mai taku goma sha huɗu ba a gudu da shi. Ya duba madubi, ga Sabi'u a bayansa. Motar Sabi'u mai fetur ce, mai ƙarfi, kullum shi ke riga kowa isa ya kama inuwa mai kyau. Yau ya manne. Mukhtaru ya matsa gefe ya fito da hannu ya ba shi hanya, bai wuce ba. Ya sake, bai wuce ba.

"Kin gan shi? Ungulu. Jira yake in lalace ya sami labarin shekara."

"Kalli gabanka," in ji Ramlatu.

A tsakiyar wani dogon hawa allurar zafi ta fara ɗagawa. Dillalai shida daban, gida daban. Mukhtaru bai yi gardama da ita ba, ya gangara gefe, ya bar inji na numfashi. Ta madubi ya ga Sabi'u ma ya tsaya, ya fito, yana tahowa da 'yar jarka a hannu yana murmushin mugunta.

"Gwaggo ta ce motar ta ji ƙishi."

Ya ajiye ya juya. Mukhtaru ya ji kamar ya jefe shi da ita. Ramlatu ta karɓa ta juya ta a hannu. Jarkar Zamzam ɗin Hajiya ce, mai rigar atamfa da ta ɗinka mata da kanta, wadda ko jika ba ya taɓawa.

"Wa ka taɓa gani ya zuba Zamzam a mota? Sha."

"Ba na jin ƙishi."

"Sha, malam, kai ne motar."

Ya sha, yana hararar madubi. Allura ta sauka, suka ci gaba.

A kwarin ya kafa karafan ɗinsa daura da na Sabi'u, yadda kowa zai ga bambancin taku ukun nan. Ya buɗe rumfa, ya shimfiɗa darduma sabuwa, ya ajiye kujera mai matashi biyu a bakin ƙofa. Aka zo aka leƙa gado, aka buɗe famfo aka rufe, aka yaba. Sannan ɗaya bayan ɗaya aka zame, don Hajiya ta riga ta zauna a ƙofar Sabi'u, tukunya kuma ta bi ta. Kafin la'asar Mukhtaru ya koma shi da butar shayi da kujerar da ba kowa a kanta.

Bayan salla Sabi'u ya tako, hannu a baya, mazan dangi na biye da shi don sun san za a sha kallo.

"Assalamu alaikum, masu gida. A'a, ba kowa? Taku goma sha huɗu, ko kyanwa babu?"

"Wa ya gaya maka goma sha huɗu ne?"

"Na auna. Kai kaɗai ke da ƙafa?"

"To ka ji a jikinka."

"Abin da na ji a jikina hayaƙin jakin nan naka ne. Tafiyar awa ɗaya da rabi ka mayar da ita uku. Rigata har yanzu warin tumaki take."

"Wa ya riƙe ka? Sau nawa na ba ka hannu ka wuce? Ka manne mini kamar kaska kana jiran in lalace."

"Ni? Ni na ƙi wucewa?" Sabi'u ya cire tabarau gaba ɗaya. "Tambayi Gwaggo! Matar da kullum a baya take kwanciya tana ce mini yi sauri, yau ta ce gaba za ta zauna. Da na taɓa sigina sai carbi a kafaɗata, wai gudu na juya mata ciki. Ta miƙa wuya kamar zalɓe, baki na motsi tun daga Ka'akiyya. Duk kwanar da gidan nan naka ya karkata sai ta damƙe mini hannu, ga shaidar farce. Da ka tsaya a hawan nan kuwa, ban gama taka birki ba ta tura mini jarka. Nan ma ban huta ba. Sau uku ina juya mata kujera wajen duwatsu inda kallo yake, tana mayar da ita, wai iska."

Mukhtaru ya ajiye kofin shayi. Ya ɗaga kai ya duba can ƙetaren fili.

Ga Hajiya Ɗaso a kujerarta, jikoki kewaye da ita, tukunya na tafasa a gefe. Ta ba duwatsu baya, ta ba faɗuwar rana baya. Kujerar ta fuskanci farar a-kori-kura mai lotsattsen jiki, da dogon karafan, da mutumin da ke zaune a ƙofarsa. Idonsu ya kusa haɗuwa. Nan take ta sunkuya ta kama faɗa da wata jika a kan ɗankwali.

 Sabi'u ya ɗauka shi ya ci gardama, ya juya wajen jama'a ya buɗe hannuwa.

"Amma duk a bar wannan. Ka sayi dizal, ka sayi gida, ka yi matakala. Ku faɗa mini, jama'a, a ƙofar wa Gwaggo take zaune?"

Mukhtaru ya tsiyaya shayi a kofi, ya miƙa wa taubashinsa da hannu biyu. Abin da ya faɗa, har yau Sabi'u na neman amsarsa.

"A taka, taubashi. Wanda ya fito ganin wata ai ba a kan watan yake zama ba, tudu yake nema ya hau. Tsaya nan inda kake, kar ka motsa."